Shin Ko Kun San? Inda Ake Gwada Sadarwa Kafin Ta Iso Wayarku

Shin ko kun san a Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka akwai wani zaure da aka rataye na'urorin rediyo 400 a rufinsa, sahu 20, kowane sahu guda 20? Sunansa ORBIT, kuma tun 2005 yake aiki. Mai bincike ba sai ya taka ƙafa can ba. Yana zaune a garinsu zai shiga ta intanet, ya kama lokacinsa, ya ɗora manhajarsa, ya ga yadda na'urorin ke rububin hanya idan duk suka yi magana lokaci guda.

Me ya kawo wannan ɗawainiya? Abin da ya yi kyau a lissafin kwamfuta sau da yawa yakan watse idan ya fita titi. Sigina tana cin karo da bango, ganyen bishiya na rage mata ƙarfi, babbar mota ta gifta ta tare ta. Kamfanonin waya kuwa ba sa barin ɗalibi ya taɓa turakunsu.

Shin ko kun san hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ta haɗa hannu da kamfanoni a shirin PAWR na dala miliyan 100 don fitar da gwaji waje? A 2018 aka zaɓi wuraren gwaji biyu na farko, unguwar Harlem a New York da birnin Salt Lake, inda aka kafa rediyoyi a saman benaye, har da jikin motocin bas masu jigilar ɗalibai. Na uku, wanda ke North Carolina, da jirage marasa matuƙi yake aiki.

Wanda ya fi kwanta min a rai shi ne na huɗu, ARA, da aka ba Jami'ar Jihar Iowa a 2021. Gonaki da ƙananan garuruwa ya sa a gaba, mutanen da kullum sabis ke isa gare su a ƙarshe.

Akwai kuma Colosseum, wanda aka gina don wata gasar hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, aka mayar da shi Jami'ar Northeastern a 2019. Rediyo 256 gare shi, yana kwaikwayon hanyoyin sigina 65,536 a tsakaninsu. A nan mai bincike zai ƙirƙiri cunkoson kasuwa ko filin daji, ya maimaita gwaji ɗaya gobe da jibi ba tare da yanayin ya canza ba.