Garantin Mota Ba Ya Biyan Ɓarnar Ƙura

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, mai hali a Khartum ko Omdurman kan kwashi iyalinsa ranar Juma'a a Land Cruiser ko Hilux, su nufi Sabaloka a arewa, inda kogin Nilu ke ratsa duwatsu, ko madatsar ruwan Jabal Auliya a kudu. Motar shaƙatawa irin wannan tana shan wahalar da motar zuwa ofis ba ta sha, ga yashi, ga zafin watan Mayu da kan haura digiri 40, ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da ke rufe garin da rana tsaka.

Wanda ya sayi mota sabuwa dal a hannun wakilin kamfani, kamar Golden Arrow mai sayar da Toyota, yana fita da takardar garanti, galibi ta shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Sai dai da yawa ba sa karanta ta. Alkawarin kamfani ya tsaya ne a kan aibin da motar ta taho da shi daga masana'anta: giya ta ƙi shiga, ko kwamfutar inji ta rikice ba gaira ba dalili. Taya, birki da matatar iska kuwa aljihun mai mota suke kallo. Idan ƙura ta toshe matatar har ta cinye inji, sakaci ne, ba mai biya.

Akwai kuma sharaɗi. Juyen baƙin mai sai a kan kari, a ƙasa mai ƙura kusan kowane kilomita 5,000, kuma a buga hatimi a littafin sabis. Kanikawan unguwar masana'antu ta Omdurman gwanaye ne, kuɗinsu ma da sauƙi, amma ranar da suka kwance injin sabuwar mota, kamfani na iya zare hannunsa. A ganina, arahar nan ba ta kai a yi asarar shekara uku a kanta ba. Motocin fasa-ƙwauri da aka riƙa shigowa da su ta Libiya da Chadi kuwa, dama ba su zo da alkawarin kowa ba.

Motocin da aka sace ko aka ƙone a yaƙin nan, babu garantin da ya shafe su. Inshora ma, yawancinta tana cire ɓarnar yaƙi daga abin da take biya.