UWARGIDA, KADA KI RENA JIRI

Uwargida, ko kin taɓa miƙewa daga tsugunne sai duhu ya rufe miki ido? Ko ki ji ɗaki yana juyawa da ke? Wannan shi ne jiri, wasu kan ce juwa ko hajijiya. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Jikinki ne ke yi miki gargaɗi. In kin faɗi bakin murhu ko bakin rijiya da goyo a baya, rai biyu ke cikin haɗari.

ME KE KAWO SHI?

1. Ƙarancin jini. Ya fi kama masu ciki da masu jego. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, zubar jini da haihuwar gwarne duk suna rage jini. In cikin fatar idonki da tafin hannunki sun yi fari, zo a gwada jininki.

2. Rashin ruwa a jiki, saboda zawo, amai ko zafin rana. Yunwa ma tana kawo shi.

3. Tashi farat ɗaya. Jini ba ya samun isa kai da wuri.

4. Kunne. Can cikin kunne ne abin da ke daidaita tsayuwarki ya ke. In ya sami matsala, sai ki ga duniya na juyawa, musamman in kin juya a kan gado. Likita na da dabarar juya kai da ke gyara irin wannan.

5. Hawan jini. In awo ya kai 140/90 ga mai ciki, sai an lura da ita sosai.

ME ZA KI YI?

Da kin ji jiri, zauna ko kwanta, ki sauke goyo. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. In za ki tashi, fara zama tukuna.

Sha ruwa da yawa. In zawo ne, a dama ƙunshi 1 na gishiri da sukari cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Ci zogale, alayyafo, wake, hanta da kifi. Sha ƙwayar ƙarin jini kullum, amma ba tare da shayi ba. Kwana cikin gidan sauro, kada kuma ki fasa zuwa awo.

Kada ki zuba kome a kunne. Kada ki sayi magani a kasuwa.

A GARZAYA DA KE ASIBITI, KO DA TSAKAR DARE NE, IN JIRI YA ZO DA:

ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu;
zubar jini, ko ciwon mara da suma;
jijjiga;
karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki.

Kada a jira gari ya waye. Ki faɗa wa maigida waɗannan alamu tun yau, don ya san abin yi. In kina da tambaya, malamar asibiti na nan dominki.