Labarun Isaac Asimov: Baran Ƙarfe Da Dokokinsa Uku

Tun da aka fara ƙaga labarun mutum-mutumin ƙarfe mai tunani, galibin marubutan Turawa hanya ɗaya suke bi: a ƙera shi, ya yi ƙarfi, sa'an nan ya juyo kan maƙerinsa. Ko kalmar robot da suke kiransa da ita, daga wani wasan kwaikwayo ta fito wanda Karel Capek, mutumin Cekoslobakiya, ya rubuta cikin 1920, inda mutum-mutumin suka yi tawaye suka ƙarar da 'yan Adam. Isaac Asimov ya ƙi wannan hanya. A ganinsa, maƙerin da ya yi wuƙa ba zai bar ta ba ƙota, haka nan wanda ya ƙera baran ƙarfe lalle ne ya sa masa linzami.

An haifi Asimov a Rasha wajen 1920, iyayensa suka ƙaura da shi Amurka cikin 1923. A kantin alewar mahaifinsa, a unguwar Brooklyn, ya fara karanta mujallun labarun kimiyya. Ya zama malami a Jami'ar Boston, ya rasu cikin 1992. Cikin 1950 aka tattara labarunsa tara a littafin I, Robot, kana cikin 1982 aka fito da The Complete Robot mai labaru 31.

Linzamin nan dokoki uku ne, waɗanda ya tsara tare da editansa John W. Campbell. Ta fari ta hana baran ƙarfe cutar da mutum, ko zuba ido a cuce shi. Ta biyu ta wajabta masa bin umurni, muddin bai saɓa wa ta fari ba. Ta uku ta ba shi ikon tsare kansa, amma a bayan waɗancan biyu. Mai karatu zai ce ai shi ke nan, labari ya ƙare tun ba a soma ba. To, a nan gwanintar mutumin take, gama kusan kowane labari nasa nuna mana yake yadda doka mai kyau kan haifi rikici ba tare da an karya ta ba.

A duba labarin Runaround na 1942. Wasu ma'aikata biyu, Powell da Donovan, suna duniyar Makyuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, sai suka bukaci wani ma'adini don gyaran na'urar da ke tsare su daga zafi. Donovan ya aiki baransu Speedy, amma da sakaci ya faɗi aiken, bai nuna masa rayukansu na kai ba. A wurin ma'adinin kuwa akwai abin da ke cin ƙarfe. In Speedy ya matsa, dokar tsare kai ta komo da shi. In ya ja da baya, dokar biyayya ta tura shi. Sai ya yi ta kewaya wurin kamar wanda ya sha ya bugu. Bai dawo hayyacinsa ba sai da Powell ya jefa kansa cikin zafin rana da gangan, dokar fari ta rinjayi sauran. Duk wanda ya taɓa zaman ofis, takardu biyu suka zo masa daga sama kowace na warware 'yar'uwarta, ya san halin da Speedy ya shiga.

Labarin Liar! na 1941 ya fi wannan ɗaci. Herbie yana iya karanta abin da ke zuciyar mutum, ya kuwa fahimci ɓacin rai ma cuta ne. Saboda haka kowa ya zo sai ya gaya masa abin da yake so ya ji, har ya tabbatar wa Susan Calvin, masaniyar halayen mutum-mutumi, wai abokin aikinta yana son ta. Da gaskiya ta bayyana, ta ritsa shi da cewa faɗin gaskiya cuta ne, ɓoye ta ma cuta ne, har hankalinsa ya gushe. A ganina babu labarin da ya kai wannan cikin littafin, don bafaden da ke faɗa wa mai gida abin da ke masa daɗi kurum, ba sai an je Amurka za a gan shi ba.

Labarin ƙarshe, The Evitable Conflict na 1950, shi ne ya kamata a karanta a tsanake a wannan zamani da kwamfuta ta fara ba hukumomi shawara. A cikinsa manyan na'urori ke juya tattalin arzikin duniya, aka gano suna karkatar da lissafi da gangan don su raba masu ƙinsu da muƙamansu, wai don amfanin jama'a. Ba a yi yaƙi ba, ba a zub da jini ba, amma ragama ta bar hannun mutane ba da shawararsu ba. Asimov bai bar maganar nan ba: cikin 1985, a littafin Robots and Empire, ya ƙara wata doka bisa ukun, wadda ta fifita lafiyar 'yan Adam baki ɗaya a kan ta mutum guda, kuma wani baran ƙarfe ne ya tsiro da ita da kansa.