Karatun likita a Amurka: Shin sunan jami'ar da ɗalibi ya fara shiga na da tasiri?

A Najeriya, ɗalibin da ke son zama likita yana shiga karatun ne kai tsaye bayan sakandare da jarrabawar JAMB, ya shafe shekara shida. A Amurka ba haka abin yake ba. Sai ɗalibi ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, sannan ya nemi gurbi a makarantar likitanci, inda zai ƙara wasu shekara huɗu.

Wannan ne ya sa zaɓen jami'ar farko ke hana iyaye barci: a ci bashi a kai yaro Harvard, ko a bar shi a jami'ar jiha mai rangwame?

Gasar kuwa mai zafi ce. Mutum kusan 50,000 ko fiye ne ke neman gurbi duk shekara, kuma waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba.

Abin da makarantun ke fara dubawa shi ne makin ɗalibi a digirin farko da kuma sakamakon jarrabawar MCAT, wadda makinta ke farawa daga 472 zuwa 528. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka ya kan kai kusan 511, a digiri kuma sama da 3.7 cikin 4.0. Saboda haka ɗalibin da ya shiga babbar jami'a ya sha kaye a darussan kimiyyar sinadarai na iya rasa gurbin da takwaransa na ƙaramar jami'a mai maki mai kyau zai samu.

Babban misali shi ne Jami'ar Xavier da ke New Orleans a jihar Louisiana. Ƙarama ce, ba ta da dukiyar manyan jami'o'i, amma ta daɗe tana sahun gaba wajen tura baƙaƙen fata makarantun likitanci. Sirrinta shi ne bibiyar ɗalibi tun daga shekarar farko, da ƙarin darussa, da shirya shi don jarrabawa.

Duk da haka, suna ba banza ba ne. Manyan jami'o'i na da asibitoci da ɗakunan bincike inda ɗalibi zai samu gogewa da wasiƙar shaida daga fitattun malamai, abin da ke taimakawa wajen neman makarantun da suka fi tsauri.

Jiha ma na da nata tasirin. Makarantun likitanci na gwamnatin Texas, alal misali, na ware kashi 90 cikin 100 na gurabensu ga 'yan jihar.

Sai batun kuɗi. Likitocin da suka ci bashin karatu kan kammala da kusan dala 200,000 a wuyansu, don haka wanda ya ƙarar da kuɗinsa tun a digirin farko ya ƙara wa kansa nauyi.

Ga ɗan ƙasar waje lamarin ya fi tsanani. Makarantu ƙalilan ne ke ɗaukar baƙi, yawancinsu na neman a yi darussan share fage a Amurka ko Kanada, kuma baƙo ba ya samun bashin gwamnatin tarayya. Duk iyalin da ke wannan shiri, kafin su tambayi sunan jami'a, ya kamata su tambayi ɗalibanta nawa suka nemi gurbin likitanci bara, kuma nawa aka ɗauka.