Kana Son Kamfanin Waƙa Ya Ɗauke Ka? Daina Tura "Oga Don Allah Saurari Waƙata"

Duk sabon mawaƙi tambayarsa ɗaya ce: yaya za a yi wani babban kamfani ya gan ni ya ɗauke ni? Amsata ba lallai ta yi wa wasu daɗi ba. Kamfanin waƙa ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya sayen kayan da bai ga ana tayawa ba. Ko Mavin ta Don Jazzy, a 2024 kamfanin Universal ya sayi kaso mafi tsoka a cikinta. Maganar kuɗi ake, jama'a, ba taimakon ɗan'uwa ba.

Mu duba yadda aka tsinci waɗanda muke ji yau. A 2018 Rema yana Benin, yaro ne da ba kowa ya san shi ba, ya hau kiɗan waƙar D'Prince mai suna Gucci Gang ya rera nasa baitukan, ya ɗora a Instagram. D'Prince ya gani, ya kira shi Legas, a 2019 sai ga Dumebi. Ayra Starr kuwa waƙarta ta kanta ta ɗora a Disambar 2019, Don Jazzy da kansa ya neme ta. Ku lura, babu wanda ya je ƙofar ofis da filashi yana magiya. Aikin ne yake a fili, mai ido ya gani.

Wani zai ce ai waɗannan 'yan Kudu ne, mu masu waƙa da Hausa wa zai kalle mu? To ga Namenj. Da mayar da waƙoƙin Afrobeats zuwa Hausa aka fara saninsa, har ya samu shiga emPawa ta Mr Eazi, kamfanin da ya fito da Joeboy. Ni a ganina Hausar ce ma ta fitar da shi daga cikin taro. Da ya tsaya kwaikwayon Turancin 'yan Legas, da dubu ne irinsa a layi.

Saboda haka ka gyara shafinka kamar gobe za a leƙo. Gajeren bidiyo, murya ta fita tas, kuma daɗin waƙar ya zo tun farko, domin ba wanda zai jira ka gama gaishe da abokanka na unguwa. Cikakkiyar waƙar ta kasance a Audiomack da YouTube, in da hali ka bi ta DistroKid ko TuneCore ta hau Spotify da Apple Music. Sunanka iri ɗaya a ko'ina, da lambar da za a same ka. Kuma ka riƙa sakin aiki a kai a kai. Waƙa ɗaya a shekara, sannan kullum kana rubuta "wani abu na nan tafe", wallahi ba ta kai mutum ko'ina.

Sayen mabiya kuma a bar shi. Mutum dubu hamsin na bin ka amma mutum uku ne suka yi magana a ƙarƙashin waƙarka, wa kake ruɗa? Su abin da suke dubawa shi ne ko mutane na komawa su sake ji, ko suna ɗora waƙar a bidiyonsu na TikTok. Ku tuna yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020, mata ne suka ɗauke ta da rawa a gidajensu.

Sai batun kiɗa. In ka sauke shi kyauta daga intanet, ba naka ba ne, kuma da shi za a fara tambayarka. Ka biya mai kiɗa, ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce.

In Allah ya sa an kira ka, kar zumuɗi ya sa ka sa hannu a ranar. Kuɗin da ake ba mawaƙi a farko yawanci bashi ne, daga cinikin waƙoƙinsa ake cirewa. Ka kai wa lauya takardar ya duba shekara nawa ce, wa ya mallaki waƙoƙin, nawa za a yanka a kuɗin wasa, har da sunan da kake waƙa da shi. Kiss Daniel ya shiga kotu da G-Worldwide a 2017, kuma a cikin wannan rikicin ne ya koma Kizz Daniel a 2018.