Daga Kurawa Zuwa Ƙetare: Yadda Mai Hoto Zai Tsallakar da Fim Ɗinsa a Filin Jirgi

Kafin wayar hannu ta zama kyamarar kowa, mai hoto a Kurawa ko Isa sai ya cike fim ɗinsa mai ɗauka 36 da hotunan biki da suna da yawon sallah, sannan ya aika birni a wanke. Sana'ar ta ja baya, amma fim bai mutu ba. Kodak da Ilford da Fujifilm na ci gaba da sayar da shi. Wanda ya ɗauki kufan Alkalawa, wato babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ko masunta a gaɓar gulbin Rima da kyamarar fim, ba shi da kwafi na biyu a wata na'ura. Abin da ke naɗe cikin ɗan gwangwanin nan shi ke nan, kuma hanyar yankin, da halin tsaron da ake ciki, ba ta sa a ce gobe a koma a sake.

Babban abokin gabar fim ɗin da ba a wanke ba yana filin jirgi: na'urar haska kaya. Haskenta na ratsa gwangwani ya bar hazo ko zane-zane a jikin hoto, launi ya dusashe, kuma ɓarnar taruwa take yi, kowace haskawa na ƙara wa ta baya. Shi ya sa lissafin farko na mai hoto ba kuɗin tikiti ba ne kaɗai, har da yawan na'urorin da ke gabansa. Daga Sabon Birni zai biyo ta Goronyo zuwa Sakkwato, ya hau jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar III zuwa Abuja ko Legas, ko ya yi ta mota har Kano. In jirginsa na yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa, mai yiwuwa a sake haska jakarsa a can. Tikiti mai araha mai zango uku yana iya cinye aikin wata guda.

Da can akwai sauƙi. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta daɗe tana cewa tsohuwar na'urar jakar hannu ba ta cutar da fim ɗin da lambar saurinsa ba ta kai 800 ba, irin su Kodak Gold 200. Sababbin na'urorin CT, masu zagaya kaya da haske kamar na asibiti, sun rushe wannan kwanciyar hankali. A farkon 2020 kamfanin Kodak Alaris ya bayyana gwajin da ya yi da Portra 400 a filin jirgin John F. Kennedy na New York: wucewa ɗaya tak ta bar hazo a fili. Akwatin da ake aunawa a tura cikin jirgi kuwa, na'urarsa ta fi kowacce ƙarfi, don haka fim ba ya shiga can ko da wasa.

Mafita ita ce neman a duba da hannu. Mai hoto ya fitar da fim daga kwalayensa, ya zuba a leda mai haske, kada ya bar ko ɗaya cikin kyamara, ya isa da wuri, ya roƙi jami'i cikin ladabi. A Amurka an amince da wannan roƙo. A wasu ƙasashe kuwa sai yadda jami'in ya ga dama, kuma gardama da mai tsaro ba ta taɓa ceton fim ba. Jakar darma da ake tallatawa ba abin dogaro ba ce, domin in na'ura ta kasa ganin cikinta sai a sake haskawa ko a buɗe.

Zafin bazarar Sakkwato, mai haura digiri 40, shi ma yana lalata launi, ƙurar hunturu kuma tana karce fim. A ajiye shi a rufe, a inuwa.

Fim ɗin da aka riga aka wanke ba ruwansa da na'ura. Mai dabara yakan sayi fim a ƙasar da ya sauka, ya wanke a can kafin ya juyo, wanda ya ɗauka a gida kuma ya nemi mai wanki a Najeriya tun kafin ya yanki tikiti.