Burodin Asabar da Kewar Gida a Zuriyar Menonawa

Menonawa mabiya wata ɗariƙar Kirista ce da ta samo suna daga Menno Simons, limamin Katolika ɗan ƙasar Holan wanda ya bar cocinsa a 1536 ya bi masu cewa ba a yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addini, sai mutum ya mallaki hankalinsa ya nema da bakinsa. Wannan aƙida, haɗe da ƙin ɗaukar makami da ƙin rantsuwa, ta jawo musu ƙuntatawar hukumomin Turai har ƙaura ta zame musu gado. Wani reshensu ya tashi daga Holan zuwa bakin kogin Vistula a Poland ta yau, daga can ya nufi Yukren inda ya kafa matsugunin Chortitza a 1789 bisa gayyatar Sarauniya Katarina ta Rasha, sannan daga 1874 dubbai suka haye teku zuwa Kansas a Amurka da Manitoba a Kanada, da suka ga za a tilasta wa 'ya'yansu aikin soja.

Mutanen da ƙasa ba ta daɗe a ƙarƙashin ƙafarsu ba, a madafa suka adana tarihinsu, shi ya sa duk wanda ya tashi a irin waɗannan gidaje, idan kewar ƙuruciya ta motsa masa, da abinci yake fara zance. Abin da aka fi ambata shi ne zwieback, burodi mai man shanu da ake ɗora ƙaramin curin ƙullu a kan babba a danna da yatsa don kada ya zame, wanda uwa ko kaka kan gasa ranar Asabar domin Lahadi ranar hutu ce. Da la'asar ɗin Lahadi sai dangi da baƙi su kewaye tebur don faspa, wato ɗan abinci marar dahuwa na burodin nan da cuku da kofi, ana hira da Plautdietsch, karin harshen Jamusanci da suka ɗauko tun daga Vistula. Wannan burodi ne kakanninsu suka ƙara gasawa ya bushe ƙayau suka zuba a buhu ya zama guzurin hijira, saboda haka ɗanɗanonsa ya wuce na ƙoshi a wurin jikoki, musamman a gidajen da harshen ya riga ya kuɓuce musu. Haka kuma suna kewar waƙoƙin coci da jama'a ke rerawa da murya huɗu ba tare da kayan kiɗa ba.

Sai dai wannan kewa ba zuma ce zalla ba, kuma marubutan da suka fito daga cikinsu sun yi gaskiya da suka ƙi ɓoye ɗacin. A wasu ikilisiyoyi masu tsauri akan ƙaurace wa wanda ya saɓa dokar jama'a, har danginsa su daina cin abinci tare da shi, hukuncin da ba a gane nauyinsa sai an san matsayin teburin nan a zukatansu. Rudy Wiebe ya taɓo irin wannan ƙunci a littafinsa Peace Shall Destroy Many na 1962, wanda ya fusata da yawa daga cikin mutanensa, Miriam Toews kuma ta bi sawu da A Complicated Kindness a 2004. A Steinbach, garin Manitoba da aka haifi Toews wanda baƙin 1874 suka kafa, akwai gidan tarihi na ƙauyen Menonawa inda jikoki ke zuwa su ga ɗakunan kakanninsu, su kuma ci irin abincin da aka rene su da shi.